Duruwid ɗan tsaka-tsaki: dole ne, kuma me ake nufi da shi a fagen wasa?

Lawali, Zariya

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni sanin Dungeons & Dragons, wasan jarumai da ake yi da ba da labari da jefa ƙwaya. Ni ke jan wasa a fadarmu duk Asabar bayan Isha'i, ƴan wasa biyar, da bugu na biyar na 2014, fassarar Faransanci. Jaruman duka suna mataki na 5.

Damuwata a kan duruwid ɗinmu take, mai sihirin dajin nan da ke rikiɗa ya zama dabba. A gurbin alƙiblar hali mai shi ya rubuta tsaka-tsaki zalla, kuma tun daga ranar duk abin da na kawo sai ya ce ba ruwansa. Ƴan fashi sun tare hanyar ƙauye, ya ce shi ba ya shiga faɗan mutane. Da ayarin ya ci ƙarfinsu, sai ya je ya warkar da shugabansu da ya faɗi, wai kada alheri ya rinjayi sharri ma'auni ya karkata. Sauran sun fara ƙosawa, mai faladin, jarumin nan mai rantsuwar kare gaskiya, ma ya ce in haka za a ci gaba shi ba ya iya tafiya da shi. Yaron kuwa ba fitina yake nema ba, ya yarda har zuciyarsa cewa haka doka ta ce.

Shin da gaske doka ta tilasta wa duruwid zama tsaka-tsaki? In ba ta tilasta ba, mene ne amfanin alƙiblar a wajensa? Kuma ina da hurumin karɓe masa sihirinsa in ya saɓa? Na gode.

Malam Sanusi, Bagalam

Wa alaikumus salam Lawali. A littafin da ke hannunka babu wannan dokar. Karanta babin duruwid daga farko zuwa ƙarshe, ba za ka ga inda aka ɗaure shi da wata alƙibla ba. Sai dai ruwa ba ya tsami banza. Yaron gado ya ci, kuma in ka san inda maganar ta samo asali za ka fi iya warware masa ita.

Wasan ya fito a Amurka a 1974 daga hannun Gary Gygax da Dave Arneson, kuma a lokacin alƙibla uku ce kawai: bin tsari, tsaka-tsaki, da ƙin tsari. Duruwid ya fara bayyana a ƙarin littafin 1975 a cikin waɗanda ake gamuwa da su a hanya, sai a 1976 aka ba ƴan wasa damar ɗaukarsa. Zuwa littafin ƴan wasa na 1978 alƙibla ta zama tara, gida uku-uku layi uku, domin an gitta alheri da mugunta a kan tsari da ƙin tsari. Duruwid aka ajiye shi a gidan tsakiya, ba shi da izinin fita. Bugu na biyu, na 1989, ya riƙe wannan, kuma a cikinsa ne aka ba da misalin da ya rikita mutane har yau: duruwid na iya taya wani hakimi yaƙar dodannin nan masu kan kura, amma in ya ga ana gab da ƙarar da su sai ya janye, ko ma ya koma bayansu. To ka ga inda warkar da shugaban ƴan fashi ta fito.

Amma a lura da kyau. Ko a wannan misalin abin da duruwid ke tsoro shi ne a shafe wani iri gaba ɗaya daga doron ƙasa. Ba a ce yana riƙe da littafin lissafi ba, in an yi alheri uku ya nemo sharri uku ya cike. Shugaban ƴan fashi guda ba iri ba ne, mutuwarsa ba ta rage wa daji komi.

Akwai kuma abin da ake mantawa game da tsohon duruwid: ɗan ƙungiya ne mai matakan sarauta. A dokar 1978 mutum tara ne kawai ke iya zama a mataki na 12, uku a na 13, ɗaya tak a na 14, kuma in kana son hawa sai ka kayar da mai kujerar. Ana neman hikima 12 da kwarjini 15 kafin ma a yarda ka ɗauke shi. A fahimtata, wanda aka nemi kwarjininsa ya fi hikimarsa mutum ne da aka shirya don shiga tsakani, irin wanda manomi da makiyayi duka ke yarda su zauna a gabansa. Tsaka-tsakinsa na mai raba gardama ne, wanda dole ya kasance a wurin.

Bugu na uku, 2000, da gyaransa na 2003, suka sassauta. Gida biyar aka buɗe masa: tsaka-tsaki mai alheri, tsaka-tsaki mai tsari, tsaka-tsaki zalla, tsaka-tsaki mai ƙin tsari, da tsaka-tsaki mugu. Kusurwoyi huɗu ne kawai aka hana shi. A nan ne hukuncin da kake tambaya yake a rubuce: wanda ya daina girmama halitta, ko ya koma alƙiblar da aka hana, ko ya koya wa bare yaren asirin duruwid, ya rasa sihirinsa duka sai ya yi kaffara. Wanda ya sa sulken ƙarfe kuwa sihirinsa na ɗaukewa muddin yana sanye da shi, da ƙarin awa 24 bayan ya tuɓe. Bugu na huɗu, wanda duruwid ya shiga a 2009, ya zubar da sharaɗin alƙibla, na biyar bai dawo da shi ba.

Abin da ya rage wa alƙibla a cikin dokokin bugunka kaɗan ne ƙwarai. Ko sihirin gano sharri da alheri ba ya duba halin mutum, nau'in halitta yake nunawa, kamar aljanu, shaiɗanu da matattu masu yawo. Sai ƴan kayan sihiri ƙalilan da ba sa karɓar kowa sai mai wata alƙibla. Saboda haka a rubuce ba ka da hurumin karɓe masa komi.

Hadiza, Ali Ɗan Sofo

Malam Sanusi ya share fagen tarihi, ni bari in shiga ta wajen aiki. Malam Lawali, kalma biyu a kan takarda ba sa gaya wa ɗan wasa abin da zai yi in an zo gaɓar yanke shawara, shi ya sa yake fakewa da ba ruwana. Alhali duruwid yana da ɓangare, kuma ɓangarensa ƙasa ce da abin da ke rayuwa a kanta. Yana iya ƙin zaɓa tsakanin sarki da ɗan tawaye, amma in an zuba guba a rijiya babu sauran tsayawa tsakiya.

Hanyar da ta fi saurin nuna wa ɗan wasa wannan ita ce a ɗauki matsala guda a gwada ta a kan gidajen nan biyar. A ce ƙauye ne mai mutum 400, damina biyu a jere ba ta yi kyau ba, mai gari ya ba da umarni a sare kurmin bakin gulbi a faɗaɗa gonaki, kuma ta cikin kurmin ne burtalin makiyaya ya ratsa. Sunayen sihirin da zan ambata fassararmu ce ta fada, zan bayyana kowane yadda za ka gane shi a littafi.

Mai alheri yunwar yake fara gani. Yana da Ƴaƴan Albarka, sihirin daraja ta ɗaya: ƴaƴa goma, kowane na ƙosar da mutum yini guda, kuma ƙarfinsu na gushewa bayan awa 24. Duruwid na mataki na 5 yana da gurbin sihiri tara, wato sau tara zai iya yin sihiri kafin ya huta, huɗu na daraja ta ɗaya, uku na ta biyu, biyu na ta uku. In ya ƙona su duka a kan wannan ya ciyar da mutum 90 a yini, ya rage 310, kuma shi ya zama fanko in wani abu ya taso. Saboda haka wannan agajin yara da masu shayarwa ne kawai. Maganin gaske shi ne Yalwar Tsiro, wanda Faransanci ke kira croissance végétale, daraja ta uku. In ya zauna awa takwas yana yin sa, duk shukar da ke cikin mita 800 ta kowace fuska za ta ba da ninkin amfaninta har shekara guda. Ka lissafa, kusan hekta 200 ke nan. Gonakin da ke akwai sun ninka, ba sauran dalilin taɓa kurmi. Mai alheri zai yi wannan kyauta, ya kwana cikin gonar, ya kuma zauna har girbi.

Mai tsari ma zai yi Yalwar Tsiron, amma sai an zauna. Zai tambayi iyakar da kakanni suka shata, faɗin burtali, da watan da ake sakin dabbobi cikin gonaki bayan girbi. Zai nemi mai gari da arɗo su yi alkawari a gaban shaidu, a kafa duwatsu. In wani ya ƙetare dutsen da gatari, ko da talaka ne mai ban tausayi, ko da abokin tafiyarsa ne, hukuncin da aka yanka ranar zaman shi zai zartar. Wannan shi ne duruwid ɗin da ya fi jituwa da faladin, kuma shi ne ya fi wahalar sha'ani ranar da doka ta taka marar ƙarfi.

Na tsaka-tsaki zalla, wanda yaronka ya zaɓa, shi ne ya fi kowa aiki a wannan matsalar. Tambayarsa ita ce nawa wurin zai iya ɗauka. Zai zaga kurmin, ya yi Zance da Dabbobi, minti goma ne kuma yana iya yin sa ta hanyar tsawaitawa ba tare da ƙona gurbi ba, ya ji inda tsuntsaye ke sheƙa da inda namun daji ke shan ruwa. Sa'annan ya ce ga gefen da za ku sara, ga wanda ba za ku taɓa ba, gawo kuma ko a tsakiyar gona yake a bar shi, tunda da damina yake zubar da ganye, ba ya tare wa gero rana, kuma ƙarƙashinsa ya fi albarka. Kututturen da aka sare a bar masa reshe biyu ko uku ya sake tashi. Duk wanda ya san yadda manoman jihar Maraɗi suka riƙa raya kututture a gonakinsu tun shekarun 1980 ya san wannan tunanin, ba sai an fassara masa ba. Kuma wannan duruwid ɗin in kuraye suka yi yawa har suka fara ƙarar da barewa da awakin ƙauye, shi da kansa zai rage su. Ba ya fifita dabba a kan mutum don kawai ita dabba ce.

Mai ƙin tsari bai yarda da mai gari ba, bai yarda da zama ba. Da dare zai zo. Ya rikiɗa ɓera ya gaigaye igiyoyin masu sara, ya jefa musu Sarƙaƙiya da safe, ciyawa ta ɗaure ƙafafunsu a fili mai faɗin mita 6. Yalwar Tsiron nan ma yana da fuska ta biyu: in an yi shi nan take, mita 30 ta kowace fuska sai ta cushe, taki ɗaya ya ci ƙarfin huɗu. Ba ya neman ran kowa, kuma gobe yana iya kawo wa yaran ƙauyen zuma. Inda ake ɓata shi shi ne a mai da shi mahaukaci mai yin abin da ya ga dama. A ba shi abu guda da ba ya canzawa a kai, misali ba ya iya ganin abu a ɗaure ko a keji.

Mugun shi ma kurmin yake karewa, sai dai ran mutum ba ya da nauyi a ma'auninsa. Ya san yunwa za ta kore su, sai ya taimaka mata. A mataki na 7 yana da Ƙeƙasa, wanda ke busar da itace nan take, kuma rimin dandalin ƙauye zai fara da shi don a tsorata. A mataki na 9 ga Annobar Fari, mai kiran gajimaren fara masu cizo. A nan ina ba da shawarar a yi hattara da yadda ake siffanta shi a fada, domin a cikinmu akwai waɗanda gidajensu suka ga farin ɗango na 2004 da yunwar da ta biyo baya a 2005.

Ka ga duka biyar ɗin sun shiga maganar, bambancinsu a kan wanda zai biya kuɗin ne. To ka zauna da yaron, ku rubuta layi uku a bayan takardar jaruminsa. Na farko abin da yake karewa, kuma a ambace shi da suna, kurmi kaza ko gulbi kaza, kada a rubuta halitta kawai. Na biyu abin da ba zai taɓa yi ba ko da za a mutu. Na uku dalilin da ya sa yake tare da waɗannan mutum huɗun. Layi na ukun shi ake yawan tsallakewa, kuma rashinsa ne ke kawo irin abin da kake gani. Bayan haka ka duba sihirin da yake shiryawa kowace safiya. Mai hikima 18 a mataki na 5 yana shirya tara, huɗu na hikima da biyar na mataki. Jerin nan tara ya fi kalma biyun can faɗin gaskiyar halinsa.

Issufu, Mokoyo

Na yarda da kusan duk abin da Hadiza ta faɗa. Inda na ɗan saɓa mata shi ne tsayawa a gida biyar. Wannan shingen na 2000 ne, Lawali kuwa da na 2014 yake wasa, kusurwoyin a buɗe suke. Duruwid mai tsari da alheri yana tafiya lafiya lau: mai kula da rijiyoyi da rumbun tsimi na gari, wanda ke ganin doka ce ke hana mai ƙarfi cinye daji. Mai ƙin tsari da alheri ma haka, wanda ke ɓalle tarkon mafarautan sarki yana raba wa talakawa abinci. Kada a sake gina katangar da masu littafin suka rushe.

Tunda da fassarar Faransanci kuke aiki, akwai tarko guda. Sun fassara bin tsari da kalmar loyal, sai ƴan wasa su ɗauka amana ga abokai ake nufi, har wanda bai rubuta ta ba ya ga kamar an ba shi lasisin cin amana. Ba haka ba ne. Layin tsari yana magana ne a kan doka, al'ada da alkawari. Ɗan tsaka-tsaki yana da abokai, yana kuma tsaya musu. Ina zargin wannan na cikin abin da ya sa yaron bai ga laifin warkar da wanda ya sari abokinsa ba.

Batun karɓe sihiri kuwa, ɗan'uwa, kada ka yi. Dalili na farko Malam Sanusi ya faɗa, ba ya cikin dokarku, kuma hukuncin da ba a sanar ba tun farko zalunci ne a idon ɗan wasa. Na biyu, duruwid ba sihiri ba rikiɗa mutum ne mai sanda da garkuwar itace, ka mai da shi ɗan kallo na tsawon dare, sauran huɗun kuma sun rasa mai warkar da su ba su yi laifin komi ba. Na uku, matsalar ta fahimta ce, kuma ba a gyara fahimta da bulala a cikin labari. Ka same shi kafin Asabar, ku biyu, a kan shayi, ka nuna masa babin.

In kuna son saɓo ya kasance da sakamako, ku ara daga Pathfinder, wani wasa mai kama da wannan. A bugunsu na biyu, 2019, kowane duruwid na da jerin abubuwan da aka haramta masa a fili, kamar ɓata wuraren halitta da koyar da yaren asiri ga bare, kuma kowace ƙungiya na da nata ƙari. A gyaran 2023 ma sun cire alƙibla ɗungurungum, suka bar umarni da hani. Amfanin wannan shi ne ba a gardama a kan ko aiki kaza alheri ne, ana duba ko ya taɓa abin da aka rubuta. Layi na biyun Hadiza ke nan. Ku yarda a kansa ku duka, sa'annan sakamakon ya zo daki-daki. Karon farko alama kawai: tsuntsaye sun yi shiru in ya shigo, dabbar da ya yi wa magana ta juya baya. Karo na biyu abin ya taɓa ƙwaya: neman taimakon dabba ko na ƴan da'irarsa, wato reshen ƙungiyar duruwid da yake ciki, da ke buƙatar 10 ya koma 15, mai 15 ya koma 20. Karo na uku dattijan da'ira su aiko a kira shi, su ɗora masa aikin gyara abin da ya ɓata, kuma aikin ya zama tafiyar da ayarin duka zai ci riba a cikinta. Kafin kowane mataki ka faɗa masa a fili cewa abin da yake shirin yi ya taɓa haninsa, ka tambaye shi ko ya tabbata.

Kada kuma ka manta da lada. Duk lokacin da ya bi layukansa alhali bin ya jawo masa asara, ka ba shi ilhama nan take, ya jefa ƙwaya mai fuska 20 sau biyu ya ɗauki babba. Ba a tara ta, ko kana da ita ko ba ka da ita, don haka zai riƙa kashewa yana neman wata.

Shugaban ƴan fashin da aka warkar kuma kada ka share shi kamar ba a yi ba. Yana raye, yana bin hanya. Ka sa mutanensa su yi sansani a wurin da yaron ya rubuta a layi na farko, suna sare itace suna ƙona gawayi.

Lawali, Zariya

Allah ya saka da alheri, kun buɗe mini ido. Saura biyu. Shi ɗan Da'irar Wata ne, kuma yana cewa in ya rikiɗa ya zama dabba ba a kama shi da laifin abin da ya yi, tunda dabba ba ta da alƙibla. Sa'annan ayarin sun samo sulken ƙarfe mai kyau, yana tambaya ko sa shi zai canza masa alƙibla.

Malam Sanusi, Bagalam

Rabin maganarsa gaskiya ce, Lawali. Dabbobin da ke littafin an rubuta musu marar alƙibla, domin kura ba ta zaɓar mugunta, yunwa take bi. Amma dokar rikiɗa ta faɗa ƙarara cewa duruwid yana riƙe alƙiblarsa, da halinsa, da makin basira, hikima da kwarjininsa. Jiki ne kawai ya canza. In ya yayyaga wanda ya riga ya miƙa wuya, shi ya yi, da hankalinsa.

A nan ma alƙibla na da wurin fitowa, domin rikiɗa abu ne mai iyaka. Sau biyu ce kafin a huta, kowace tana ɗaukar awoyi rabin matakinsa, wato awa biyu a mataki na 5, kuma sai dabbar da ya taɓa gani. Ɗan Da'irar Wata yana samun dabba mai ƙarfin daraja 1 tun daga mataki na 2, inda saura ke farawa da rubu'in daraja, amma tashi sama sai mataki na 8 ga kowa. Saboda haka duk rikiɗar da ya kashe wajen zama doki don kai majinyaci gari, ta fita daga abin da zai yi faɗa da shi. Ka riƙa ajiye masa irin wannan zaɓin a gabansa.

Da'ira ba ta yanke alƙibla, tana dai karkatar da tambayoyin da za su taso. Na Wata ƙarfi ne a hannunsa, tambayarsa yaushe zai tsaya. Na Makiyayi, wanda ya zo a littafin 2017, yana kiran dabbobi su yi masa yaƙi, sai a tambaye shi ko garkuwa ya mai da su ko amana ce a wuyansa. Na Wutar Daji, 2020, ya yarda cewa ƙuna na share wa sabon tsiro hanya, kuma duk wanda ya ga gobarar daji ta ci makiyaya da kaka ya san tazarar da ke tsakanin wuta mai iyaka da wadda ta ƙwace. Na Naman Gwari shi ya fi jawo gardama, domin daga mataki na 6 yana iya tada gawar da ta faɗi kusa da shi ta yi masa aiki na awa guda. A wajensa ruɓa wani ɓangare ne na rayuwa, amma faladin ba zai gan shi haka ba, don haka in wani ya so ɗaukarsa a tattauna tun ranar shirya jarumai.

Sulke kuma ba ruwansa da alƙibla. Littafin 2014 cewa ya yi duruwid ba sa sa sulke ko riƙe garkuwar ƙarfe, bai ambaci hukunci ba. Al'adar ƙungiya ce, kamar abin da wani gida ba ya ci, kuma bugun 2024 ya cire jimlar. Amma ga abin da take ci masa: sulken fata mai kauri yana ba da kariya 12, rabin sulken ƙarfe 15, duka da ƙarin zafin nama da bai wuce 2 ba. Maki uku ke nan, wato cikin sara ashirin uku da za su kauce sai su same shi. Ga ɗan Da'irar Wata asarar ba ta kai haka ba, tunda in ya rikiɗa kariyar dabbar ce ke aiki. In ya zaɓi riƙe al'adar, ka saka masa: ka sa a ji labarin wani maƙeri ko baduku da ke haɗa sulke da ɓawon ƙaton kunkuru ko fatar tsohon kada, mai kariya 14 kamar na ƙirji, a wani gari mai nisan kwana uku, kuma sai ya kawo ɓawon da kansa daga dabbar da ta mutu don kanta.